Uwar Tsamin Inna

Bana bazara ta shigo da ƙarfinta. Tun hantsi bango yake ɗaukar zafi, wuta kuma sai ta kwana uku ba a kawo ba. Shekaranjiya 'yata Ummi ta kwaɓa fulawar fanke ta rufe, baƙi suka ɗauke mata hankali, ba ta waiwayi kwaɓin ba sai bayan la'asar. Da ta buɗe robar, tsamin ya bugi hancina daga inda nake zaune. Ita tana ta mita wai kwaɓi ya lalace. Warin ya mayar da ni gidanmu na Dala, bazarar shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, bayan mun daɗe a hannunsu har mun cire rai.

Inna, mahaifiyata, gurasa take yi. Duk wanda ya tashi a lungunmu ya san hayaƙin tanderunta. Babanmu ya rasu ina ƙarama, da wannan tanderun ta raine ni, da shi ta yi mini kayan ɗaki. A lokacin kusan duk masu gurasa sun koma yis na kanti, a zuba cokali ɗaya kwaɓi ya tashi kafin a gama shara. Inna ta ƙi. Tana da wata baƙar tukunyar ƙasa, ba ta fi a rungume ta da hannu ɗaya ba, a ciki akwai kwaɓi mai rai da muke kira uwar tsami. Wurin mahaifiyarta ta gaje ta, ita kuma an ɗibar mata ne a wani gidan fatake Larabawa da ta yi wa aiki tun tana budurwa. Tun daga wancan zamani ba a taɓa barin tukunyar ta ƙare ba. Kullum a ɗibi abin da zai tayar da kwaɓin ranar, a mayar mata da garin alkama da ruwa daidai abin da aka ɗiba, a juya da yatsu, a rufe da faifai. Mazauninta gindin randa ne, kan jiƙaƙƙen yashi. Ruwan rijiya kaɗai ake ba ta, don Inna ta ce maganin da ke cikin ruwan famfo kashe ta yake yi.

Idan ta ƙoshi sai ta kumbura ta yi ƙananan idanu, tana ƙamshi irin na kindirmo. Idan yunwa ta kama ta sai ta kwanta, wani baƙin ruwa ya taso a kanta, warinta ya yi kaifi. Inna tana gane halin da take ciki tun daga ƙofar ɗaki, ba sai ta ɗaga faifan ba.

Da yamma ake tankaɗe. A kwaɓa gari da gishiri da tsamin a babban baho, a lulluɓe da tsohon zane ya kwana. Da an idar da sallar asuba sai a cika tanderu da kara a cinna wuta, a bari ta ci ta lafa har cikinsa ya yi fari. Inna ta jiƙa hannu, ta gutsuro kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta sunkuya ta manna a jikin tanderun. Hannunta na dama duk tabon ƙuna ne har gwiwa. Gurasarta ba ta kumbura kamar ta masu yis, amma tana da nauyi da ɗan tsami-tsami, kuma sai ta kwana uku ba ta bushe ba. Masu tsire na bakin titi su ne manyan masu saye.

Da aka yi mini aure ta ɗibar mini uwar tsamin a wata 'yar tukunya, na tafi da ita ɗakina. Ban yi wata biyu ba na manta da ita, ta yi fumfuna. Da na faɗa wa Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai in dawo mata da tukunyar.

Mijina, Malam Sabo, a masaƙa yake aiki. Da aka rufe ta ya yi ta buga-buga, daga baya ya hau mota ya yi Kudu neman abin yi. Saƙo ɗaya muka samu, daga nan shiru. Na kasa riƙe ɗakin haya, na tattaro 'ya'yana biyu na dawo gaban Inna: Ummi mai shekara bakwai, da Nana wadda ban daɗe da yayewa ba. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar da muka shigo da kayanmu ta dube ni ta ce, “Ke, ajiye ki zo ki kama mini tankaɗen nan.” Maganar da muka yi a kan dawowata ke nan.

Shekarar ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Babu man fetur, motoci sun yi layi a gidajen mai kamar an kafe su. Yanzu mutum ya leƙa bakin titi ya tare adaidaita. A lokacin acaɓa ne, shi ma sai mai hali. Kalanzir ya ɓace. Famfon unguwa ya yi watanni bai ɗiga ba, rijiyarmu ta ja baya har guga ya fara fitowa da laka, sai mun tace mun bari ya kwanta. Fulawa kullum da sabon farashi. Masu tsire suka rage abin da suke ɗauka, don wanda bai ci tuwo ba ba zai nemi nama ba. An yi zaɓe a ƙarshen sanyi, bangon gidajen lungu duk an lilliƙe shi da hotuna, kowa yana cewa da soja sun sauka za a sarara. Inna takan ce ita ba ruwanta da mai kaki ko mai babbar riga, a bar mata alkama kawai.

Sai zafi ya sauko. Da rana ƙasar tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Ƙuraje suka feso wa yara a wuya da baya. Ruwan randa kansa ɗumi yake. A irin wannan yanayi uwar tsami cinta yana ƙaruwa: abin da take ci sau ɗaya da sanyi, sai an ba ta safe da yamma, in ba haka ba ta kwanta. Inna ta ware garin alkama a wani kwanon sha mai murfi, ta ce wannan na tukunya ne, ko ita ba ta da iko da shi.

Wata safiya tana sunkuye a bakin tanderu da kwaɓi a tafinta, na ga ta karkace ta tafi gefe guda a hankali, kamar mai neman wurin zama. Na ɗago ta, bakinta ya goce, idonta a kaina, tana son magana ta kasa. Maƙwabta suka taimaka aka kai ta asibiti. Gurasar da ke jikin tanderu ta ƙone ƙurmus, ban tuna da ita ba sai washegari. Likitoci suka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Kwananmu tara a can, kullum ina dawowa gida sau biyu a ƙafa in ba tukunya gari in koma. Magani ya cinye jari. Na sayar da ragowar fulawa, na sayar da baho, na sayar da atamfofina biyu na aure. Aka sallamo ta hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ta tafi gaba ɗaya.

Na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakinta don ta sha iska. Daga nan tana hango randa. Da safe da yamma sai ta dube ni, ta dubi tukunya, ta yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro. In tashi in ɗebo gari a kwanon nan, in zuba, in juya, tana kallo har in rufe faifai. Sannan ta lumshe ido.

Mu kuwa abin da ya samu muke ci. Garin rogo da ruwa, ranar sa'a da ɗan ƙuli-ƙuli. Kwaɗon rama. Tuwon dusa da na surfa wa mutane hatsi suka bar mini. Maƙwabta sun yi iyakar yinsu, amma su ma hayaƙi ba kullum yake tashi a gidajensu ba. Muka koma ci sau ɗaya a yini. Abin da nake ɗiba daga tukunya kafin in ƙara mata gari, shi nake toyawa a kasko in raba wa yara, bai fi loma bibbiyu ba. Wata yamma ina juya tukunyar, Ummi ta tsuguna kusa da ni ta ce, “Umma, me ya sa ita take ci sau biyu, mu sau ɗaya?” Na kai mata duka a baya. Ba ta yi kuka ba, ta tashi ta koma wurin ƙanwarta. Har yau ban san abin da na dake ta a kai ba.

Garin kwano ya ƙare ana saura 'yan kwanaki a rantsar da sabuwar gwamnati. Ranar da abin ya faru, rabonmu da abinci tun azahar ɗin jiya. Na shiga gida uku a lungu, na tarar da murhunsu a sanyaye, na gaishe su na fito ban roƙi komai ba. Da na dawo Nana tana kwance a inuwar zaure tana tsotsar bakin zanena da na shanya. Ta daina kuka tun safe, kuma shirun nan ya fi kukan tayar mini da hankali. Rana ta take tsaka. Inna ta samu barci.

Na ɗauki tukunyar na shiga madafi. Niyyata rabi zan ɗiba. Na haɗa 'yan karare na hura wuta, na ɗora kasko ba ko ɗigon mai. Rabin ya ba ni fale-falen waina biyu, masu tsami kamar tsamiya. Ummi ta cinye tata a tsaye. Nana ta riƙe tata da hannu biyu tana ci tana huci saboda zafi, da ta gama ta lashe yatsu ta miƙo mini hannu. Na juye sauran a kasko.

Da suka gama na tuna Inna ma ba ta sa komai a cikinta ba. Na tafasa ruwa na zuba a tukunyar, na kankare abin da ya maƙale a jikinta da cokali, ya zama ɗan kunu tsululu. Na tashe ta na ba ta a baki, ta shanye tas. Sai da na zo ɗauraye cokalin wata magana tata ta faɗo mini: ta sha gaya mini cewa ko shafin da ya rage a jikin tukunya aka ba gari, uwar tsami za ta tashi. Na zauna a ƙasan madafi da tukunyar a cinyata, tana ta tururi.

Na mayar da ita gindin randa na rufe da faifai. Da yamma Inna ta dube ni ta dubi tukunya. Na je na tsuguna na ba ta baya, na zuba ruwa zalla, na yi ta juya yatsuna a ciki. Haka na yi washegari, safe da yamma.

Na san Inna ta ɗibar wa mata uku a rayuwarta ban da ni. Ranar da aka yi rantsuwa na bar Ummi da jinya, na goya Nana, na ɗauki kofi mai murfi na fita nema. Ko'ina rediyo ke tashi. Maza sun yi cincirindo a wani shago mai talabijin, ana buga taken ƙasa, wani tsoho yana cewa yau dai an ga ƙarshen wahala. Na ratsa ta bayansu. Gida na farko matar ta yi dariya ta ce ai ta fi shekara goma da komawa yis, wa zai iya da wannan bauta. Gida na biyu aka ce mini mai gurasar ta rasu, 'ya'yanta ɗinki suke yi. Na bi ta gefen Goron Dutse na nufi Dukawuya, kwalta tana cin tafin ƙafata ta cikin silifas, gumin Nana da nawa sun haɗu sun jiƙa zanen goyo.

A Dukawuya Gwaggo Asabe take, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Ta ba ni ruwa na sha, ta tambayi mai jiki, sannan ta ga kofin. Na fara kame-kame, wai zafi ne ya raunana tamu ina son in ƙara mata ƙarfi. Ta dube ni, ta dubi wuyan Nana da ya zama kamar sillen kara.

Ta ce, “Rabi, toyawa kika yi?”

Na sunkuyar da kai.

“Tawa ta mutu tun shekarar da na yi ciwon ido,” in ji ta. “Ban taɓa gaya wa uwarki ba, kunya ta hana ni. Da ta tambaya sai in ce tana nan lafiya.”

Ta shiga ɗaki ta auno mini alkama mudu biyu, na san kuma ba daga yalwa ta fito ba. Ta koya mini yadda ake tayar da sabuwa: a niƙa alkamar kada a tankaɗe dusar duka, a dama da ruwan rijiya, a sa ɗan cokalin nono, a rufe. Kullum a kwashe rabi a ƙara sabon gari. Ta ce za ta tashi in Allah ya so, amma kada in yaudari kaina, jaririya ce, ba waccan ba.

A tukunyar Inna na dama ta, don ta ci gaba da ganin ina juya wani abu. Kwana biyu ba motsi. Rana ta uku ta yi wani wari kamar ruɓaɓɓen wake, har na ga Inna tana buɗa hanci tana dubana. Na ce mata zafi ne. Na ci gaba da kwashewa ina ƙarawa, abin da na kwashe ina toya wa yara. A kwana na shida na ɗaga faifai na ga idanu sun fito, ta ɗan ɗago. A yammacin ranar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kaɗa, aka yi ruwan farko. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Na tara kwanuka a bakin indararo, na ji a raina wataƙila mun tsallake.

Na ari baho na yi kwaɓi da sauran garin. Ban taɓa manna gurasa da hannuna ba sai ranar. Biyu suka faɗa cikin toka, gefen tanderu ya ɗauke mini fata a damtse. Amma sauran sun gasu, sun yi kyau a ido. Na zaɓi wadda ta fi laushi, na jiƙa ta da ruwan ɗumi, na zauna kusa da Inna na sa mata loma a baki.

Ta daɗe tana taunawa. Ta tsaya. Ta juya idonta wajen randa, ta dawo da shi kaina, ta tsare ni da shi har na kasa ɗagowa. Sannan ta turo lomar da harshe, ta zubo a gefen bakinta. Ta yi ta fama da jikinta har ta juya ta fuskanci bango. Daga ranar ba ta sake duban tukunyar ba, ko safe ko yamma, kuma ba ta sake karɓar gurasa daga hannuna ba.

Na ci gaba da yi duk da haka, don babu wata sana'ar. Masu tsire suka karɓa kwana kaɗan don mutuncin Inna, daga baya ɗaya ya ce mini, cikin ladabi, hannu ya bambanta. Suka koma wa masu yis. Sabuwar gwamnati ta zauna, layin mai bai ragu ba a wannan daminar, famfonmu bai kawo ba. Ruwan sama kuwa ya yi ta zuba, kwatar lungu ta cika ta tumbatsa, ta gangaro har bakin rijiyarmu. Ruwan rijiyar ya canza launi. Mun san ya canza, amma ba karan da za a tafasa na sha, ɗan wanda ake samu jiƙaƙƙe ne kuma na tanderu ne.

Nana ta fara gudawa da amai wata Laraba. Na ba ta ruwan gishiri da sukari, yana shiga yana fitowa. Washegari da hantsi na goya ta na nufi asibiti a ƙafa, ana yayyafi. A hanya na ji ta yi nauyi ta lafe a bayana, na ce barci ne ya ɗauke ta, har na ji daɗi. Sai da na isa na kwance goyon wata ma'aikaciya ta karɓe ta, ta duba, ta mayar mini da ita ta ce in yi haƙuri. Da ita a bayana na dawo gida, ta hanyar da na bi.

Kowa a lungu Inna yake jira ta tafi, sai ga 'yar shekara biyu an fitar a tabarma. Da aka zo wucewa da ita ta ƙofar ɗakin, Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya, aka tsaya, ta taɓa ƙafar yarinyar ta cikin likkafani. Hawaye yana bin ɓarin fuskarta ɗaya. Ba inda zan aika wa Malam Sabo. Har yau ban san ko ya taɓa jin labari ba, ban ma san ko yana raye a lokacin ba.

Bayan sadakar bakwai aka shiga marka, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Rumfar da ke kan tanderu ta rufto, ruwa ya cika shi, ya tsage daga baki har gindi. Na tsaya a kansa ina kallon toka tana yawo a saman ruwan. Ba ni da abin gina wani, ba ni kuma da zuciyar.

Na je na zauna a gefen tabarmar Inna. Na gaya mata komai: ranar da na toya, da kunun da na ba ta, da ruwan da na yi ta juyawa ina ba ta baya, da zuwana Dukawuya. Na ce, “Inna, ki yafe mini.” Tana kallon rufin ɗaki. Na jira ko za ta ɗaga hannu, ko ta yi gurnanin nan nata, ko ta juya mini baya ma in san matsayina. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ƙara shekara uku a kan wannan tabarmar, ina juya ta ina wanke ta da abin da nake samu a wankau da surfe, kuma ban taɓa sanin amsarta ba.

A ranar dai, da na gaji da jira, na tashi na ɗauko tukunyar daga gindin randa. Sabon tsamin ya kumbura ya yi idanu, lafiyarsa ƙalau. Na leƙa ta katanga na juye wa awakin maƙwabta. Wannan karon ban ba ta baya ba. A gabanta na tsuguna na wanke tukunyar da toka, ciki da waje, na kife ta.